Akuyar Inna da Tattabarun Baba: Kiwon Tsakar Gida da Lafiyar Tunanin Tsofaffi a Dutsen Abba

Kiwon ƙananan dabbobi a tsakar gida na cikin 'yan ayyukan da ke raka Bahaushe har ƙarshen ƙarfinsa. Manomi kan jingine garma idan baya ya ƙi, ɗan kasuwa kan bar wa 'ya'yansa rumfa, ma'aikacin gwamnati kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, amma da wuya a ga tsohuwar da ta saki igiyar akuyarta da son ranta. A Dutsen Abba, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Zariya, abin haka yake kamar a sauran ƙauyukan da ke kewaye da birnin Zazzau. Gidan da babu turke ko akurki kaɗan ne, kuma idan aka bi diddigin mai dabbar, sau da yawa kan dattijuwar gidan ake tsayawa.

Amfanin wannan kiwo ga aljihu sananne ne tun tuni. Polly Hill, Baturiyar da ta yi nazarin tattalin arzikin Batagarawa kusa da Katsina ta kuma buga littafinta a 1972, ta tarar da cewa yawancin awaki da tumakin garin na mata ne, su ne asusunsu kuma jarinsu. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne aikin da dabbar ke yi wa zuciyar mai ita, musamman idan shekaru sun ja, abokan zama sun ragu, yini kuma ya yi tsawo.

Dabbobin da ake tarar wa a irin waɗannan gidaje ba su da wuyar lissafi. Jar akuya ce kan gaba, wadda ake danganta ta da Sakkwato, a Nijar kuma a ce da ita ta Maraɗi. Sai tumakin 'Yankasa, da ragunan Uda ko Balami da ake turkewa domin layya. Akwai kaji, zabi, agwagi, talo-talo, zomaye da tattabaru. Kyanwa tana nan saboda ɓeraye, kare saboda gadi da farauta. Cikin gari, wajen Tudun Wada da Sabon Gari, akan ga aku ko kanari a keji. Doki kuwa na masu sarauta ne da masu hali, domin cinsa ya fi ƙarfin talaka. A Turai da Amurka mutum kan ajiye kare ko kyanwa don ɗebe kewa kawai, ba ya tsammanin kwabo daga gare su. A nan dabba ɗaya ce ke ɗauke da nauyi biyu, ita ce abokiyar hira kuma ita ce kuɗin magani. Daga wannan haɗi ne alherin kiwon ke fitowa, daga nan kuma ciwonsa ke fitowa.

Tsufa da ciwon da ba a kiran sunansa

Waɗanda suka kai shekara 60 a Nijeriya ba su fi kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, shi ya sa hankalin hukumomin lafiya ya fi karkata ga yara da masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, mafi yawanta ciwon damuwa da fargaba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin duniya suna cikin kaɗaici ko yankewa daga jama'a. A gida Nijeriya, binciken da aka fi dogaro da shi a wannan fanni shi ne wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a jihohin Yarbawa, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2007. An tattauna da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama, aka gano cewa kashi 26 cikin 100 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 kuma sun yi shi cikin shekarar da ta gabaci binciken. Mata sun fi maza shiga haɗarin, mazauna birni sun fi na ƙauye, kuma galibinsu ba su taɓa samun magani ba.

Akwai masu cewa wannan matsalar Turawa ce, tun da tsohon Bahaushe cikin iyalinsa yake zaune. Maganar tana da rabin gaskiya. Gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa magidanta ke noma tare su ci tukunya ɗaya, ya daɗe yana sassautawa. Samari sun bazu Kaduna, Kano, Abuja da Legas neman na kai. Waɗanda suka rage sun wuni a kan babur ko a kasuwa, matan gida na fama da yara, jikoki na makaranta. Tsoho na iya zama a gidan mutum ashirin ya yini ba wanda ya nemi shawararsa ko sau ɗaya. Ga kunne ya yi nauyi, ido ya rage gani, gwiwa ta hana zuwa majalisa, kuma kowace shekara sai an binne wani sa'ansa. Macen da ta gama takabar wata huɗu da kwana goma kan fito ta tarar 'yan ta'aziyya sun watse, kowa ya kama gabansa, ita kuwa wanda take dafa wa abinci shekara hamsin ba ya nan.

Tsofaffi ba sa zuwa asibiti su ce suna da damuwa. Abin da sukan ce shi ne “jikin ne ba daɗi”, “barci ya ƙaurace mini”, “wani abu na yi mini yawo a jiki”, ko “abincin ma ba na jin ɗanɗanonsa”. Iyali su ce tsufa ne, ko su ce Baba ya cika mita. A ba shi maganin zazzaɓi ko na hawan jini, a sallame shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka duk abin da ke riƙe hankalin tsoho a cikin gidansa, ba tare da kati ko layin asibiti ba, ya cancanci a dube shi da idon basira.

Abin da igiyar akuya ke yi wa mai ita

Safiyar tsohuwa mai kiwo tana farawa ne da kira. Tana sallame sallar asuba, akuya ta ji motsinta ta soma kuka, kaji na buga ƙofar akurki. Ko jikin ya ƙi, dole ta miƙe. Takan dama dusa da ƙasarin da aka tara jiya wajen wanke hatsi, ta barbaɗa 'yar kanwa, ta ajiye a kwatarniya. Ta zaro harawa daga kan rumfa ta karkaɗe. Ta buɗe akurki tana ƙirga 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, don ta san ko shaho ko muzuru ya yi ɓarna. Ta share kashin awaki ta tara gefe guda, wanda za a kai gona kafin shuka. Tana yi tana magana: “Ke Kyalla, ba ki da ta ido, jiya kin cinye mini tsintsiya, yau kuma kin zo kina lasar hannuna.” Idan damina ce, lokacin da ake ɗaure dabbobi don kada su shiga gonakin mutane, sai jika ya leƙo ya ce, “Kaka, in yanko miki ciyawa?” Ta ce, “Maza, mai gidana, kafin rana ta yi, ladanka na nan idan Kyalla ta haihu.” Kafin hantsi ta sunkuya ta miƙe sau da yawa, ta sha hasken rana, ta yi lissafi, ta yi dariya, ta ba da umarni an bi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da matsayi a ilmin lafiyar ƙwaƙwalwa. Cikin hanyoyin da likitoci suka amince da su wajen maganin damuwa akwai wadda ake tsara wa majinyaci ƙananan ayyuka na kullum, ya yi su ko yana so ko ba ya so, domin damuwa tana ƙaruwa ne da kwanciya da janye jiki. Likita zai rubuta jadawali a takarda, majinyaci ya bi ko ya ƙi. Akuya ba ta karɓar uzuri. Tashi a lokaci ɗaya kullum da fita cikin hasken safiya suna daidaita barcin dare, barci kuwa yana cikin abubuwan farko da ke lalacewa idan damuwa ta kama tsoho.

Bayan tsarin yini akwai jira. Akuya na ɗaukar ciki wata biyar, kaza na kwanci kwana 21, zabo kusan mako huɗu. Mai kiwo kullum yana da abin da yake ƙirga wa kwanaki. Ga wanda ya aurar da 'ya'yansa duka, ya daina noma, ba ya jiran albashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai damuwa kan ce ba abin da gobe za ta kawo masa. Mai akuya da ciki ba ya faɗin haka.

Dabba kuma tana jawo mutane. Sai an nemi bunsurun maƙwabta, an aiki yaro gidan masu surfe ya karɓo dusa, an yi cinikin harawa da kaka ta yi, an kira malamin dabbobi idan zawo ya shigo, an yi shawara da dillali kafin a kai kara. Akwai kuma al'adar ba da kiwo, inda mai akuya kan miƙa ta ga wata ta riƙe, su raba 'ya'yan da aka samu bisa yadda suka shirya. Irin wannan yarjejeniya kan ƙulla zumuncin shekaru tsakanin gidaje biyu, da ziyara, da aike, har da ɗan saɓani wanda shi ma hira ce.

Mafi nauyi duka shi ne mutunci. A al'adar Hausa babba shi ne mai bayarwa. Ranar da tsoho ya koma sai dai a ba shi, ranar ce ya soma jin ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa, kuma jin hakan na cikin manyan ƙofofin damuwa. Tsohuwar da ke da awaki uku tana iya kai gudummawa gidan biki, ta saya wa jikarta kwanon aure, ta yi layya da abinta, ta yanka wa baƙo kaza ba tare da ta jira wani ya dawo daga kasuwa ba. Ana shawara da ita domin tana da abin da za ta sa a ciki.

Ga maza tsofaffi, tattabara ce ta fi taka wannan rawa. Ba ta buƙatar yankan ciyawa ko jan igiya, ɗan hatsi da ruwa mai tsabta sun ishe ta. Dattijo kan dawo daga la'asar ya shimfiɗa buzu kusa da ɗakinsu, ya watsa gero, su sauko a ƙafafunsa. Ya san kowane aure, ya san wadda ta yi ƙwai shekaranjiya. Ƙwai biyu take yi, namiji da tamata su riƙa karɓar juna a kwanci har kwana 18 ko kusa da haka, su kuma ciyar da 'yan shila tare. Samarin unguwa masu sha'awar tattabaru kan zo musaya ko saye, su durƙusa su ce, “Baba, wannan farar nawa za ka bar mana?” Ya ce ba ta sayarwa ba ce, a yi ta ja-in-ja har magariba. Da wuya a sami wani dalilin da zai sa ɗan shekara 17 ya zauna awa guda yana sauraron ɗan shekara 75.

Abin da binciken ƙasashen waje ya nuna

Tunanin cewa dabba na taimakon mai larurar ƙwaƙwalwa ya girmi ilmin zamani. Gidan jinyar masu taɓin hankali da William Tuke ya buɗe a birnin York na Ingila a 1796 ya riƙa ajiye zomaye da tsuntsaye domin majinyata su kula da su. Gwaji na farko da ya shahara a kan tsofaffi shi ne na 1975, shi ma a Ingila, inda masu bincike biyu, Mugford da M'Comisky, suka raba wa wasu 'yan fansho masu zaman kaɗaici ƙananan tsuntsayen keji, wasu kuma tukunyar fure. Bayan 'yan watanni masu tsuntsu sun fi sakin jiki da mutane, tsuntsun ya zama abin buɗe hira da duk wanda ya shigo. A 1976 Ellen Langer da Judith Rodin suka gwada wani abu makamancin haka a gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Wani rukuni aka ba su shuka aka ce su ne masu ba ta ruwa, wani rukunin aka ba su shukar amma aka ce ma'aikata za su kula da ita. Waɗanda aka ɗora wa nauyin sun fi kuzari da fara'a. Abin lura shi ne kowa ya sami shuka, amma ba kowa aka ɗora wa alhakinta ba.

Daga baya lissafin ya ƙara girma. Erika Friedmann ta bi majinyata 92 masu ciwon zuciya a Amurka, ta ba da rahoto a 1980 cewa masu dabba a gida sun fi yawa cikin waɗanda suka kai shekara guda a raye. Judith Siegel ta bi tsofaffi 938, ta ba da rahoto a 1990 cewa idan musiba ta faɗa wa mutum, kamar rasuwar makusanci, marasa dabba sun fi yawaita zuwa wurin likita. A 2017 wani bincike a Suwidin da ya duba bayanan mutum miliyan 3.4 ya nuna cewa cikin masu zama su kaɗai, masu kare sun fi marasa shi ƙarancin haɗarin mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. A 2023 aka buga sakamakon bin mutum 7,945 masu shekara 50 zuwa sama a Ingila, inda aka ga cewa ƙarfin tuna kalmomi ya fi jinkirin raguwa ga masu dabba, amma cikin masu zama su kaɗai kawai. A Koriya ta Kudu har gyare aka ba tsofaffi su yi kiwo na mako takwas, aka kuma ga alamun damuwarsu sun ragu. A garin Gateshead na arewacin Ingila akwai shirin HenPower, wanda ke kai kiwon kaji gidajen tsofaffi. Abin da gyatumar Dutsen Abba ta gada daga kakanninta, can sai da aka nemi tallafin kuɗi aka kafa masa ƙungiya.

Sai dai ba duk binciken ne ya zo da labari mai daɗi ba. A Ostireliya, a 2005, an duba mutum 2,551 masu shekara 60 zuwa 64, aka tarar masu dabba sun fi bayyana alamun damuwa. Ga kuma wata tambaya da ke bin yawancin waɗannan alƙaluma: dabbar ce ta kawo lafiya, ko kuwa mai lafiya ne ke iya riƙe dabba? Wanda ciwo ya kwantar ai shi ne farkon rabuwa da karensa. Bugu da ƙari, karnuka da kyanwoyin gidajen bene aka fi nazari, a ƙasashen da tsoho kan zauna shi kaɗai ya rufe ƙofa. Ba daidai ba ne a kwaso alƙaluman nan a ɗora wa akuyar turke. Abin da za a iya ɗauka shi ne zaren da ya ratsa masu ƙarfin cikinsu, wato amfanin ya fi bayyana ga wanda kaɗaici ya fi damu, kuma ya fi zuwa ta hanyar ɗaukar nauyi da cuɗanya da mutane.

Addini ya riga ya share wa wannan fage. An ruwaito cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Sahabi Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka. Labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, duk ɗan makarantar allo ya san su. Tsoho mai kiwo yana zuba wa dabba ruwa da yaƙinin yana samun lada, saboda haka aikin ya shiga sahun ibadarsa. Kyanwa ba ta da shamaki a ɗakin tsohuwa, takan kwanta a gefen sallaya ba mai korar ta. Kare ne ke da iyaka. An yarda a ajiye shi don gadi, farauta ko kiwo, amma wurinsa waje ne, shi ya sa duk wanda ya zo da shawarar a saya wa Hajiya ɗan kwikwiyo ta riƙa rungumewa bai san inda yake ba.

Inda kiwon ke juyewa ya zama ciwo

Tun da dabbar dukiya ce, kowa na da ido a kanta. Kuɗin makaranta ya taso, ko an kwantar da wani a asibiti, ko Salla ta matso farashi ya hau, sai ɗa ya shigo ya ce, “Inna, a ba ni aron akuyar nan, idan Allah Ya hore zan saya miki wadda ta fi ta.” Kunya da kara ba za su bar uwa ta ce a'a ba. Takan ce, “Ai taka ce, ɗauka.” Washegari ta tashi da asuba ba mai kiran ta. Wata sa'a kuma ƙauna ce ke jawo hakan: 'ya'yan da suka yi arziki su ce wahalar ta isa, a sayar da dabbobin duka, a yi wa tsakar gida siminti, Inna ta huta. Niyyar tana da kyau, amma sakamakonta shi ne an karɓe wa tsohuwa aikinta, asusunta da dalilin da ke kawo mata baƙi, an bar ta da talabijin. Haka abin yake idan aka ɗauke tsoho daga ƙauye aka kai shi gidan haya a Kaduna ko Abuja inda ba a yarda da ko kaza ba.

Al'ada kuma ba ta tanadi ta'aziyyar dabba ba. Wadda akuyarta ta shekara takwas ta mutu, abin da za ta ji shi ne “Allah Ya mayar da alheri”, idan kuwa aka ga hawaye sai a yi mata dariya. Baƙin cikin yana nan, wurin faɗinsa ne babu.

Sata ta ƙara tsananta lamarin. Hare-haren 'yan bindiga da satar dabbobi da suka addabi jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara ba su ƙyale ƙauyukan da ke kewayen Zariya ba. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta kai ga dakatar da kasuwannin mako a ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari, ta kuma hana safarar dabbobi na wani lokaci. Ban da manyan ɓarayi akwai na unguwa, masu tsallaka katanga da dare. Tsohon da ke kwana da kunne ɗaya a turke ba ya samun barcin da kiwon ya kamata ya ba shi. Tsada ita ma ta shigo: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin hatsi ya tashi, dusa da harawa suka bi shi, har ya zama wasu na raba ɗan abin da aka aiko musu tsakanin bakinsu da na dabba.

Sai cututtuka. Annobar Newcastle, wadda ta fi zuwa da hunturu, kan share akurki cikin 'yan kwanaki. Cutar PPR, mai sa awaki da tumaki zawo, majina da gyambon baki, kan kashe rabin turke ko fiye. Wasu cututtukan kuma suna tsallakowa ga mutum, jikin tsoho kuwa ba ya da juriyar na yaro. An fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka ne a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a cika tsira ba. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Ƙurar kashin tattabaru, idan aka shekara ana shaƙa a rufaffen wuri, tana iya lalata huhu, don haka ɗakinsu ya yi nesa da wurin kwana, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Faɗuwa ma haɗari ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi na jawo faɗuwar da ke kai mutum sama da 86,000 asibiti a shekara, kuma tsofaffi ne suka fi jin jiki. Ragon layya da ya ƙoshi ya fi kowane kare ƙarfin fizga, karayar ƙugu kuwa takan zama ajalin tsoho.

Ga wanda gigin tsufa ya soma kamawa, dabba na iya kwantar masa da hankali, domin shafa gashin kyanwa ko watsa wa kaji hatsi ba sa buƙatar tuna suna ko rana. Amma zai iya mance ya ba da ruwa, ko ya ba da abinci sau biyar. A nan sai a haɗa shi da jika, aikin ya zama na yaro, sunan mallaka ya zauna na kaka.

Zariya ta fi yawancin garuruwan Arewa kayan aikin tallafa wa wannan kiwo. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru. A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, wadda ta samar da kazar ShikaBrown. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Newcastle mai jure zafi da ake ɗigawa a idon kaza, da kuma allurar PPR, wadda guda ɗaya ke kare akuya aƙalla shekara uku. Ta fuskar doka, an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, sai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Da tsangayar dabbobi da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na mutane duk da jami'a ɗaya suke haɗe, kuma ƙauyukan Dutsen Abba na bakin ƙofarsu. Ba inda ya fi nan dacewa a auna, da alƙaluman gida, abin da turke ke yi wa lafiyar tsoho.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun iyali ba shi da tsada. Ɗan da ke aiko kuɗi daga birni ya ware na dusa da na rigakafi, ya tabbatar an ɗiga wa kaji magani kafin hunturu. Idan ƙarfin tsohuwa ya ragu, a rage yawan dabbobin ko a sauya mata rago da kaji, kada a share turken gaba ɗaya. Idan dole ta sa a sayar, a nemi yardarta da gaske, a bar mata 'yar akuya ko da guda. Ma'aikacin ƙaramin asibiti kuma, idan tsohuwa ta zo da kukan rashin barci, ya tambaye ta lafiyar dabbobinta. Idan ta ce ta daina leƙa su, ko ta bar wa yara, alhali a da ba ta yarda kowa ya taɓa su, wannan alama ce babba, domin rasa sha'awar abin da aka saba so na cikin manyan alamun ciwon damuwa guda biyu da likitoci ke dubawa, ɗayar ita ce baƙin cikin da ya ƙi wucewa.

Idan waɗannan alamu suka kai mako biyu, ko tsoho ya daina cin abinci, ko ya riƙa cewa gara ya mutu ya huta, lamarin ya wuce na akuya da tattabara, sai asibiti. Ciwon damuwa yana jin magani ko a shekara 80. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan na iya tura majinyaci gaba, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, cikin garin Kaduna, kimanin kilomita 80 daga Zariya.